Fassara da Labarin Binciken Laifi: Tarken Jerin Littattafan Martin Beck a Zauren Karatu

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 2008, lokacin da aka fitar da fassarar Ingilishi ta littafin farko na marubucin ƙasar Suwidin Stieg Larsson, sha'awar karanta labaran binciken laifi da aka fassaro daga wasu harsuna ta ƙaru ƙwarai a tsakanin masu karatu da Ingilishi. Daga cikin abubuwan da wannan sha'awa ta ƙarfafa akwai zaurukan karatu, inda wasu mutane kan haɗu a ɗakin karatu ko kantin littattafai ko gidan ɗayansu, su zaɓi littafi guda, kowa ya karanta cikin wata, sannan a dawo a tattauna. Akwai zaurukan da suka keɓe kansu ga fassararrun labaran laifi kaɗai, kuma hujjarsu ita ce irin wannan labari yakan kai mai karatu lungunan da ɗan yawon buɗe ido ba ya zuwa: ofishin 'yan sanda, da kotu, da asibiti, da gidajen talakawa.

Wannan hujja tana da ƙarfi, amma tana ɗauke da wani zato wanda ba kasafai ake bincika shi ba, wato cewa fassara tamkar taga ce, wanda ya leƙa ta cikinta zai ga ƙasar yadda marubucin ya gan ta. Manufar wannan maƙala ita ce gwada wannan zato a kan littattafai goma na Martin Beck, waɗanda Maj Sjöwall da Per Wahlöö suka rubuta da harshen Suwidin tsakanin 1965 da 1975. Za a duba abin da fassarar Ingilishi ta sauya da abin da ya tsira, sannan a kawo abin da hakan ke nufi ga wanda zai so ya mayar da irin waɗannan littattafai cikin Hausa.

2.0 Marubutan da Aikinsu

Per Wahlöö (1926–1975) ɗan jarida ne kuma marubuci, Maj Sjöwall (1935–2020) kuwa ta yi aiki a gidajen buga mujallu. Dukansu biyu masu ra'ayin gurguzu ne, kuma tun farko sun tsara cewa za su rubuta littattafai goma, kowanne mai babi 30, a ƙarƙashin take guda mai ma'anar "labarin wani laifi". Laifin da suke nufi shi ne wanda, a ganinsu, hukumar Suwidin ta yi wa talakawanta, alhali duniya tana yabon ƙasar da cewa ta kawar da talauci. Sun zaɓi labarin 'yan sanda ne domin shi jama'a ke saye, kuma domin a shekarar 1965 ne aka haɗe rundunonin 'yan sandan ƙananan hukumomi aka mayar da su runduna ɗaya ta ƙasa, abin da marubutan suka ɗauka a matsayin mafarin nisantar ɗan sanda daga jama'ar da yake tsaro.

Tauraron labaran, Martin Beck, jami'i ne a sashen binciken kisan kai a birnin Istokholm. Mutum ne mai yawan ciwon ciki da mura, aurensa ba ya masa daɗi, kuma ba ya warware matsala shi kaɗai. Tare da shi akwai Lennart Kollberg wanda ba ya son ɗaukar bindiga, da Fredrik Melander mai kaifin tunawa, da Gunvald Larsson mai zafin rai, da Einar Rönn mai sanyin hali. Wannan zubi na aikin gayya, inda bincike ke tafiya ta hanyar buga waya da duba fayil da jiran amsa, shi ne marubutan baya irin su Henning Mankell suka gada. Littafi na huɗu, wanda aka fassara da sunan The Laughing Policeman, ya ci kyautar Edgar ta Amurka a 1971, kuma a 1973 aka yi fim ɗinsa, inda aka ɗauke labarin kacokan daga Istokholm aka kai shi San Francisco.

3.0 Wuraren da Fassara Ta Taɓa

3.1 Sunan Littafi

Abu na farko da zauren karatu ke cin karo da shi shi ne sunan littafi, kuma a nan ne aka fi yin sauyi. Littafi na shida (1970) sunansa na asali Polis, polis, potatismos!, wanda ya ginu a kan wata waƙar tsokana da yaran Suwidin kan yi wa 'yan sanda, kalmar ƙarshe kuma tana nufin dankalin Turawa da aka kirɓa. Sunan yana nuni ga wani wuri a cikin labarin inda wasu kurata biyu, Kristiansson da Kvant, suka ɓata lokaci a kan maganar wani ƙaramin yaro da suka ɗauka zagi ce, har wanda aka tura su tarewa ya wuce. Fassarar Ingilishi ta sa wa littafin suna Murder at the Savoy, wato kisa a otal ɗin Savoy. Sunan asali yana yi wa 'yan sanda dariya tun daga bango, na fassara kuwa yana yi wa mai karatu alkawarin kisan masu kuɗi a babban otal, irin na labaran Agatha Christie. Mai karatun da ya shiga da wannan alkawari zai iya ganin ƙarshen littafin ya gaza, domin wanda ya harbe attajiri Viktor Palmgren wani ma'aikaci ne da ya rasa aikinsa da gidansa ta dalilin harkokin attajirin, kuma babu wata dabara mai ban mamaki a cikin kisan. Alhali wannan rashin dabara shi ne ainihin jigon littafin.

Haka kuma littafi na bakwai (1971), wanda sunansa na asali ke nufin "mugun mutumin nan na Säffle", ya zama The Abominable Man. An yar da sunan ƙaramin garin da mutumin ya fito, tare da ba'ar da ke cikin jingina babban mugu ga ƙaramin gari. Wannan ɗabi'a ta masu buga littattafai ba ta tsaya a kan waɗannan marubuta ba. Littafin Larsson na 2005 sunansa na asali yana nufin "mazan da suka tsani mata", amma a Ingilishi ya koma The Girl with the Dragon Tattoo, wato yarinya mai zanen dodo a jiki. Sunan farko tuhuma ce ga maza, na biyu kuwa ya mayar da idon mai karatu kan jikin mace. Ke nan, tun kafin a buɗe shafin farko an riga an shirya wa zauren irin tambayoyin da zai yi.

3.2 Harshe a Matsayin Shaida

Labarin binciken laifi ya bambanta da sauran ƙagaggun labarai ta fuskar cewa a cikinsa kalma takan zama shaida. Abin da wani ya faɗa, da yadda ya faɗe shi, da harshen da ya faɗe shi da shi, duk suna iya zama zaren da zai kai ga mai laifi. Saboda haka kuskuren da za a yafe wa mai fassara labarin soyayya yana iya rushe ginin labarin laifi.

Misali mafi bayyana yana cikin littafi na huɗu (1968). A wani dare na ruwan sama a watan Nuwamba, bayan 'yan sanda sun gama artabu da masu zanga-zangar yaƙin Biyetnam a gaban ofishin jakadancin Amurka, wani ya buɗe wuta a cikin motar safa mai bene. Mutum takwas suka mutu nan take, cikinsu har da wani matashin jami'i, Åke Stenström. Na taran, mai suna Schwerin, ya farfaɗo na ɗan lokaci a asibiti, Rönn ya yi masa tambaya biyu, ya amsa da wasu sautuka marasa ma'ana waɗanda aka ɗauka a rikoda, sannan ya cika. An daɗe ana juya sautukan a kan ma'aunin harshen Suwidin ba a sami komai ba, sai daga baya Rönn ya lura cewa mamacin ya zauna a Amurka, kuma da Ingilishi ya ba da amsar farko. Ga mai karatun asali wannan babban buɗi ne, domin shi ma yana ta neman kalmar a cikin harshensa. A fassarar Ingilishi kuwa, inda kowa da kowa, daga kurtu har kwamishina, da Ingilishi yake magana, katangar da ke tsakanin harsunan biyu ta faɗi. Sai dai a gaya wa mai karatu cewa an sauya harshe, ba zai ji sauyin a kunnensa ba.

Irin wannan ya faru a littafi na farko, Roseanna (1965). An tsamo gawar wata mace daga mashigin ruwan Göta kusa da garin Motala a watan Yuli, aka yi watanni ba a san ko wace ce ba, kafin a gane cewa ma'aikaciyar ɗakin karatu ce daga garin Lincoln a jihar Nebraska ta Amurka. Daga nan bincike ya dogara ga wasiƙu da wayar tarho tsakanin Beck da wani jami'in Amurka mai suna Kafka. Wahalar da Beck ke sha wajen yin aiki da harshen da ba nasa ba, a kan layin waya maras kyau, wani ɓangare ne na jinkirin da ya mamaye littafin. Idan aka mayar da komai Ingilishi, sai nisan da ke tsakanin mutanen biyu ya ragu, a ga kamar jami'ai biyu ne na ƙasa ɗaya.

3.3 Lamirin Girmamawa

Shekarun da aka rubuta littattafan sun dace da wani babban sauyi a harshen Suwidin. Kafin lokacin, mutum yakan kira wanda ya girme shi ko baƙo da muƙaminsa, ko ya yi amfani da lamirin ni, wanda mutane da yawa ke jin yana da sanyi da nisantawa, lamirin du kuwa na dangi ne da abokai. A 1967 Bror Rexed, da ya zama shugaban hukumar lafiya ta ƙasa, ya sanar da cewa zai riƙa kiran dukan ma'aikatansa da du, kuma cikin 'yan shekaru wannan ya game ƙasar. Duk marubucin da ke rubuta zance a wannan tsakani dole ya zaɓi lamiri a kowace magana, kuma zaɓin yana nuna shekarun mai magana, da ajinsa, da ra'ayinsa game da sabon zamani.

A ɗakin tambayoyi na 'yan sanda wannan zaɓi makami ne. Jami'i yana iya girmama wanda ake tuhuma domin ya saki jiki, yana kuma iya sauke shi daga girman domin ya karya masa gwiwa. Ingilishin yau lamiri ɗaya gare shi na mutum na biyu, don haka duk wannan hawa da sauka ya baje. Zauren karatun da ya kammala da cewa mutanen Suwidin ba su damu da muƙami ba, bisa ga yadda kurtu ke magana da shugabansa a fassara, ya yanke hukunci ne a kan nahawun Ingilishi, yana tsammanin a kan ɗabi'ar wata al'umma ya yanke.

3.4 Zubi da Murya

An san cewa marubutan biyu kan tsara labari tare, kowa ya rubuta babi ɗaya bayan ɗaya, sannan su yi musaya kowa ya buga na ɗan'uwansa a tafireta yana gyarawa, har suka sami salo guda wanda da wuya a rarrabe hannun wani daga na wani. A Ingilishi kuwa littattafan sun bi ta hannun masu fassara daban-daban, cikinsu akwai Lois Roth da Joan Tate da Alan Blair da Thomas Teal da Paul Britten Austin. Kowannensu yana da irin Ingilishinsa, saboda haka muryar da aka sha wahala wajen haɗewa ta sake rarrabuwa. Ban da wannan, ba a bi jeri ba wajen fitarwa: littafi na uku ya riga na biyu fitowa da Ingilishi.

Al'adar zauren karatu ta littafi ɗaya a wata, daga ƙasa ɗaya zuwa wata, tana ƙara wannan illa. Jerin babi 300 ne da aka gina shi a kan hawa. Littattafan farko sun ɓoye siyasarsu, na baya suka fito da ita fili. Folke Bengtsson, wanda aka kama a Roseanna, ya sake bayyana a littafi na tara (1974), inda manyan 'yan sanda suka nemi ɗora masa wani kisan saboda kawai ya taɓa yi. A wannan littafi ne kuma Kollberg ya ajiye aiki don ya daina yarda da rundunar. Kalmar ƙarshe ta littafi na goma (1975), wanda aka kammala gab da rasuwar Wahlöö, sunan Marx ce. Wanda ya karanta littafi guda ya wuce zuwa Italiya ko Japan a wata mai zuwa ya ga reshe ne, bai ga bishiyar ba.

4.0 Abin da Ya Tsira

Duk da haka, ba adalci ba ne a ce fassarar ta kashe aikin. Akwai abubuwan da suka ƙetare lafiya, kuma lura da su tana nuna inda ƙarfin littattafan yake. Duk sukar da marubutan suka gina a cikin ƙashin labari ta tsira. A littafi na bakwai, wanda ya kashe babban jami'i Nyman tsohon ɗan sanda ne da matarsa mai ciwon sukari ta mutu a ɗakin tsare mutane bayan an ɗauka buguwa ta yi, ya yi ta kai ƙara ba a saurare shi ba. A littafi na takwas (1972), The Locked Room, an yanke wa Mauritzon hukunci a kan kisan banki da bai yi ba, kisan da ya yi da gaske kuwa aka kasa tabbatar masa. Wannan ba'a ga shari'a ba ta bukatar wata kalma ta musamman, kowane harshe zai iya ɗaukarta.

Abin da bai tsira sosai ba shi ne sukar da aka gina a cikin lafazi. Haka kuma dole a faɗi cewa wani rauni na marubutan ne da kansu. A littattafan ƙarshe sukan tsayar da labari su yi wa mai karatu huɗuba a kan 'yan jari-hujja, kuma sukan mayar da manyan 'yan sanda wawaye fiye da kima. A nan fassara ba ta da laifi, illa dai ta ƙara fito da huɗubar, tun da barkwancin harshen da ke sassauta ta ya ragu.

Matsayin mai fassara ya sami wata irin karɓuwa a 2006. Bayan da littafin Arnaldur Indriðason na ƙasar Aisland ya ci babbar kyautar Ƙungiyar Marubuta Labaran Laifi ta Biritaniya a 2005, ƙungiyar ta ware wa fassararrun littattafai kyauta tasu, wadda ake ba marubuci tare da mai fassara. Littafin Fred Vargas ta Faransa, a fassarar Siân Reynolds, shi ya fara cin ta. Ko da wasu sun ga warewar a matsayin rufe ƙofa ga baƙi, ta tabbatar da cewa littafin da ke hannun mai karatu aikin mutum biyu ne.

5.0 Darasi ga Fassara Cikin Hausa

Labarin bincike ba baƙo ba ne a harsunan Afirka. Muhammed Said Abdulla ya fitar da Mzimu wa Watu wa Kale da Swahili a 1960, Oladejo Okediji ya fitar da Àjà Ló Lẹrù da Yarabanci a 1969, a Hausa kuma Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare (1982) ya shiga duniyar miyagun laifuffuka. Idan har za a fassara irin littattafan Martin Beck cikin Hausa, abin da ya fi yiwuwa shi ne a fassaro su daga Ingilishi, wato fassarar fassara, kuma duk ramin da Ingilishi ya haƙa Hausa za ta gada.

Abin lura a nan shi ne, a wurare biyu daga cikin waɗanda aka ambata Hausa ta fi Ingilishi kayan aiki. Na farko, Hausa tana da "kai" da "ke" a gefe guda, da "ku" na girmamawa a ɗaya gefen, ga kuma "yallaɓai" da "ranka ya daɗe" da kiran mutum da muƙaminsa. Da waɗannan za a iya mayar da hawa da saukar ɗakin tambayoyi. Na biyu, ga mai karatun Hausa Ingilishi harshe ne na biyu, kamar yadda yake ga mutumin Suwidin, saboda haka amsar Schwerin za ta dawo da ƙarfinta in an bar ta da Ingilishi a tsakiyar zancen Hausa, haka ma zancen Beck da Kafka. Hatta batun haɗe rundunonin 'yan sanda yana da abin kamantawa, domin Hausa ta adana bambancin "ɗan doka" na En'e da "ɗan sanda" na gwamnati, kuma dattawa suna tune da lokacin da aka narkar da na farko cikin na biyu a zamanin mulkin soja na farko. Amma duk wannan ba zai yiwu ba sai mai fassara ya san cewa akwai abin da ya ɓace, wato sai ya duba asali ko ya yi aiki tare da wanda ya iya harshen.

Akwai kuma wani jarabi da ya kamata a yi hattara da shi. Al'adar baddalawa, wadda Abubakar Imam ya ƙware a kanta a Magana Jari Ce, tana cire wa labari rigarsa ta sa masa ta Hausa. Wannan ya dace da tatsuniya da hikaya, waɗanda darasinsu bai rataya ga wata ƙasa ba. Labarin da aka rubuta domin tuhumar wata hukuma a wani zamani kuwa, in aka sauya masa gari an sauya wanda ake tuhuma, kamar yadda fim ɗin 1973 ya nuna.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa fassarar Ingilishi ta littattafan Martin Beck ta riƙe ƙashin labari da sukar da ke cikinsa, amma ta sauya sunaye, ta rushe katangar harsuna inda katangar take shaida, ta baje lamiran girmamawa, ta kuma rarraba murya guda a hannun mutane da yawa. Zauren karatun da ke son sanin Suwidin ta hanyar waɗannan littattafai zai amfana in ya ƙara tambayoyi uku a kan waɗanda ya saba yi: mene ne sunan littafin na asali, wa ya fassara shi kuma a wace shekara, sannan wane matsayi yake da shi a cikin jerin. Ga manazarta harsunan Nijeriya kuwa, aikin da ke gaba shi ne a ɗauki babi guda na tambayoyin 'yan sanda daga irin waɗannan littattafai, a fassara shi cikin Hausa sau biyu, ɗaya daga Ingilishi ɗaya daga asali, a jera su a ga yawan abin da harshe na tsakiya ke cinyewa.